Ranar da Na Kawo Taki da Baki

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina koyarwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara mutanen gari guda a filin makaranta ba, da jakunansu da buhunansu, alhali ba ni da abin da zan ba su ko cikin cokali.

Lokacin ina ɗalibi a kwalejin horon malamai, aka raba mu makarantu don gwajin koyarwa. Ni sai aka jefa ni wata firamare a wani ƙauye cikin ƙasar Dawakin Tofa. Ba zan faɗi sunan garin ba (har yau nakan bi ta hanyar, kuma da sauran tsofaffin da suka ga abin da idonsu). Shekarun wuya ne, wanda ya gan su ya sani. Komai ya yi tsada, sabulu ma sai an yi layi, albashin malamai sai ranar da aka ga dama. A ƙauye kuwa babu abin da ya kai takin zamani wuyar samu. Gonakin wajen a manne suke da juna, an yi ta noma su tun kaka da kakanni har ƙasar ta gaji, in ba a ba ta taki ba gero sai ya tsaya iya gwiwa ya yi ta kallon mai shi. Gwamnati ce ke kawo takin a babbar mota, a sayar da rahusa, kuma a filin makarantarmu ake sauke shi. A wannan shekarar an gama noman fari, ganye ya fara rawaya, mota shiru.

Ni duk wannan bai dame ni ba. Yaron birni ne ni, ɗan unguwar Bacirawa, babana tela, iyakar sanina da gero fura da kunu. Abin da ke gabana kawai shi ne in ci gwajin nan, don na san in na faɗi sai na maimaita shekara, kuma keken ɗinkin babana ba zai iya ɗaukar nauyin wata shekarar ba.

Wani manomi, Malam Habu, shi ya ba ni shagon ƙofar gidansa na zauna. Matarsa Inna Ladi ce ke ciyar da ni, safe da dare, ba ta taɓa bari na ba ta ko sisi ba. Tana da wani farin rago da take kiwo, dusa da harawa ba sa yanke masa, ana lallaɓa shi kamar ɗan auta. Kowa a gidan ya san an ajiye shi ne don ranar da taki ya zo, a sayar da shi a saya.

Malamin da kwaleji ta turo ya duba ni sunansa Malam Isyaku. Mutum ne da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Ɗalibai sun ce in ya zauna a bayan ajinka ya fara kaɗa ƙafa, to ka fara shirin dawowa baɗi. Darasin da na zaɓa na Hausa ne, a aji shida: yadda murya ke nuna abin da ke cikin zuciya. Na shirya shi iya shiri. Kullum da yamma sai in tsaya a gaban ragon Inna Ladi in yi ta gwada muryar fushi da ta tausayi da ta murna (shi ne ɗalibina na farko, kuma bai taɓa yi mini musu ba).

Ranar ta zo. Malam Isyaku ya jingine babur ɗinsa a gindin darbejiya, ya shigo ya zauna a bencin ƙarshe. Ya kamata in gaya muku yadda ajin yake. Iskar farkon damina ta yaye rabin kwanon rufin, tagogin kuma ramuka ne kawai, ba ƙyaure. In ka yi tari a ciki, mai tallan ƙosai a bakin hanya sai ta yi maka sannu.

Na gyara hula na ce, "Yara, yau za mu ga yadda magana ɗaya takan zama magana kala-kala, gwargwadon muryar da aka faɗe ta da ita."

Na rubuta a allo: Baba ya dawo. Na faɗe ta da tambaya, na faɗe ta da tsoro kamar yaron da ya fasa tulu, na faɗe ta da murna. Sannan na ce su ma su faɗa da murna. Suka ja ta a hankali kamar masu rakiyar gawa. Na sake cewa su faɗa. Ba ta canza ba. Da yawansu kunu kawai suka sha suka fito, rana kuma ta fara shigowa ta inda rufin ya yaye.

Wata yarinya a bencin gaba, Rabi, mai bakin tsiya, ta ɗaga hannu. "Malam, ai Baba kullum yana dawowa. Daga gona ne fa kawai."

Aji ya kwashe da dariya. Na saci kallon baya, na ga ƙafar Malam Isyaku ta fara motsi. Sai na tuna an koya mana cewa a riƙa ɗaukar misali daga rayuwar yara. Na goge allo na ce, "To, wace magana ce in aka faɗe ta a gidanku yau kowa zai yi murna?"

Rabi ba ta ko yi tunani ba. "A ce taki ya iso."

Nan take ajin ya farka, kowa na cewa ƙwarai. Na rubuta da manyan baƙaƙe: Taki ya iso. Ƙafar Malam Isyaku ta tsaya.

Daga nan darasi ya yi daɗi. Na ce a faɗa da muryar tambaya, suka faɗa suna ɗaga gira. Na ce a faɗa da muryar wanda bai yarda ba, wani yaro ya tashi ya kwaikwayi babansa, ya taɓe baki ya ja tsaki kafin ya faɗa, muka yi ta dariya. Na ce wa zai faɗa da baƙin ciki. Suka ce ai babu mai baƙin ciki da zuwan taki. Sai wani Sani, wanda ba ya cika magana, ya ce akwai, wanda mota ta zo ba shi da abin saye. Ya faɗe ta ƙasa-ƙasa yana kallon ƙafarsa. Na dubi bencin ƙarshe na ga Malam Isyaku yana gyaɗa kai. A raina na ce yau na gama da shi.

Da na tsaya a nan, da babu labarin da zan ba ku. Amma yabo ya shige ni. Na ce, "Saura murna. Ku duka, ku tashi tsaye."

Suka tashi suka faɗa, da kyau kuwa. Sai na yi abin da kowane malami yake yi ba tare da tunani ba, na sa hannu a bayan kunne na ce, "Ban ji ku ba."

Suka ƙara ƙarfi.

Na ce, "Wannan murnar mai ciwon kai ce. Ku faɗa yadda mutumin da ke cikin gonarsa zai ji ku." (Da bakina na faɗi haka, akwai shaidu.)

"Taki ya iso! Taki ya iso!"

Suka haɗa da tsalle, suka haɗa da dukan benci. Rabi ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa irin wadda ake yi wa amarya. Sauran kwanon da ya rage a rufi har amsawa yake. Ni kuwa ina tsaye a gaba ina kaɗa musu hannu kamar sarkin makaɗa.

Da ƙyar na zaunar da su. Na ci gaba da bayani cikin natsuwa, ina cewa kun gani ko, kalmomin ba su canza ba, murya ce ta canza. Abin da ban sani ba shi ne, 'yan aji ɗaya da na aji biyu sun ji ihun, sun fashe ta taga sun nufi gida da gudu, kowa na so ya riga kai albishir.

Ina cikin rubuta aikin gida na ji kukan jaki. Ban kula ba. Sai na ji ƙararrawar keke, na ji wata, na ji hayaniya tana matsowa. Kafin in leƙa, sai ga hedimasta ya faɗo ajin, hularsa a karkace, da buhu a naɗe a hammata (shi ma yana da gona).

"Malam, ta ina motar ta tsaya?"

Na ce, "Wace mota?"

Ya dube ni, ya dubi allo, ya sake dubana. Sannan ya sauke buhun a hankali ya ce, "Fito ka gani."

Na fita. Filin makaranta ya cika. Maza da taɓo har gwiwa, wasu da fartanya a kafaɗa, an baro gayya guda a tsakiyar kunya. Jakuna da mangala, amalanke, kekuna. Tsofaffin mata da ƙwarya, yara da kwanuka. Har an fara ja layi daga gindin darbejiya, ana gardamar wanda ya riga wani. Wasu kuma ana hango su a kan hanyoyin gona suna ta sauri.

Mai unguwa ya ratso jama'a da sandarsa, yana haki. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Malam, an ce daga ajinka aka hango ta. Tana ina?"

Ni da na kwashe safiya ina koyar da murya, tawa ta ƙi fitowa. Da ƙyar na ce, "Ranka ya daɗe, ba mota ba ce. Darasi ne."

"Darasi."

"Eh, misali ne na ba yara."

Wani tsoho mai nauyin kunne ya matso ya ce, "Me ya ce ya zo?"

Aka ce masa, "Misali ne, Baba."

Ya ce, "To a fara da mu tsofaffi, ko rabin buhu ne."

Wasu suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Hedimasta ya hau kan dakali ya yi wa jama'a bayani, ya ba da haƙuri. Na so a ce zagina suka yi, da ya fi mini sauƙi. Ba wanda ya zage ni. Suka fara naɗe buhunansu, suna juya jakuna. Mai unguwa ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Allah ya ƙara ilimi, Malam." Addu'a ce mai kyau, amma yadda ya faɗe ta sai da na ji kamar an tuɓe mini riga a kasuwa. Duk wanda ya zo wucewa ta gabana sai ya ce, "Sannu da aiki, Malam," kowa da irin tasa muryar, kuma babu guda a ciki da na taɓa gwadawa a gaban rago.

Ina tsammanin abin ya ƙare, sai na hango Malam Habu yana tahowa da sassarfa, yana murmushi, da igiya a hannunsa. Na san igiyar. Kullum ina ganinta a wuyan ɗalibina na farko.

Ya ce, "Malam, Allah ya sa ban makara ba. Ina layin ya fara?"

Ya dubi mutane suna watsewa, ya dubi fuskata, murmushin ya tafi. Ashe yana jin labari ya baro gona, ya kwance ragon ya ja shi wajen Sarkin Fawa, ya sayar a yadda aka taya, don kada taki ya ƙare kafin ya samu kuɗi a hannu. Ko gardama bai tsaya yi ba. Washegari kuma ranar kasuwa ce, wato ragon ba zai ga wata yammar ba.

Ya shiga nannaɗe igiyar a hannu. Na ce, "Baba, mu je tare in roƙe shi."

Muka kama hanya, ni da shi da hedimasta. Na waiwaya sai na ga Malam Isyaku yana biye da mu, yana tura babur ɗinsa. Na ce ranka ya daɗe ai da ka huta. Ya ce, "Ban gama duba ka ba."

Muka tarar da Sarkin Fawa a rumfarsa, wani ƙaton mutum mai son raha, yaransa na wasa wuƙaƙe a kan dutse. Ga ragon can ɗaure a turke yana tuƙa, bai san halin da ake ciki ba. Labari ya riga mu zuwa, domin shi ma Sarkin Fawan ya tura jakinsa filin makaranta ya dawo wayam.

Hedimasta ya fara magana, Sarkin Fawa ya ɗaga masa hannu. "Ciniki ya riga ya faɗa, an yi sallama a gaban shaidu. Amma an ce ga malamin muryoyi nan. Shi nake so ya roƙe ni, in ji irin abin da ake koya wa 'ya'yanmu."

Mahauta suka ajiye wuƙaƙe suka gyara zama. Masu wucewa suka tsaya.

Na gyara tsayuwa na ce, "Don Allah a yi haƙuri a mayar da ragon nan."

Ya girgiza kai. "Wannan muryar mai karɓar haraji ce. Sake."

Na sassauta, na karkatar da kai, na ja maganar a hankali.

"Wannan kuma ta mai neman aure ce. Ba ni da 'ya budurwa. Sake."

Rumfa ta ɗauki dariya, har da hedimasta, wanda ya juya baya yana tari na ƙarya. Na ji kamar in nutse. Ina neman wace muryar kuma zan ɗauko, sai idona ya sauka kan Malam Habu. Shi kaɗai ne ba ya dariya. Yana tsaye a gefe, taɓo ya bushe a ƙafarsa, yana riƙe da igiyar nan. Na tuna tuwon da nake ci a gidansa ba dare ba rana, na tuna geronsa da ya yi rawaya, na tuna cewa in ragon nan ya tafi a wannan farashin, ko takin ya zo ba zai isa gonar ba. Ban san lokacin da na durƙusa ba.

Na ce, "Sarki, laifina ne. Mutumin nan shi yake ciyar da ni, kuma ni na ja masa. Ka dubi Allah." Muryar ta karye a tsakiya, ba da shiri ba.

Dariyar ta tsaya. Sarkin Fawa ya shafa ciki, sannan ya ce, "To, wannan daga ciki ta fito. Ku kwance masa abinsa." Malam Habu ya zaro kuɗin yadda aka ba shi ya miƙa, ya mayar wa ragon igiyarsa.

A hanyar dawowa Malam Isyaku ya tsayar da ni. Na riga na sallama, ina ta lissafin yadda zan gaya wa babana. Ya ce, "Na daɗe ina duba ɗalibai, ban taɓa ganin darasin da ya isa wajen iyaye da sauri haka ba." Sai na ga kafaɗunsa na rawa, ashe dariya ce yake ta dannewa tun daga filin makaranta. Ranar na ga haƙoransa, har da wawulo. Ya hau babur ya ce na ci gwajin, amma nan gaba in riƙa sanin inda muryata take sauka.

Da magariba na shige shago na yi lamo, ina tunanin yau kam babu tuwo. Sai na ji sallama. Inna Ladi ce da kanta, ita da kullum aike take yi. Ta ajiye kwano a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ga tuwo. A ci da yawa, a ƙara ƙarfin murya." Ta juya ta tafi. Har yau ban gano ko fushi ne ko tsokana ko yafiya ba, ina jin duk ukun ta haɗa. Miyar dai ta ji man shanu.

Bayan 'yan makonni motar ta zo da gaske. Yara suka bazama cikin gari suna ihun taki ya iso, ba wanda ya ɗaga kai daga kunyarsa. Duk gidan da suka shiga sai a tambaye su, "Malam ne ya aiko ku?" Sai da direba ya yi ta danna oda, mai unguwa ya sa aka yi shela, sannan mutane suka fito, suka tarar 'yan ƙauyen da ke maƙwabtaka sun riga sun kama gaban layi. Aka sake juyowa ana kallona. Allah ya taimake ni takin ya kai ga kowa. Malam Habu ya sayar da ragon a natse, da daraja, ya samu abin da ya ishi gonarsa, geron ya farfaɗo. Ni kuma na samu suna. Har na bar garin ba wanda ya sake kirana da sunan yanka, sai Malam Ya-iso.

Abin da na koya shi ne, gaskiya ne murya tana ɗauke da abin da ke cikin zuciya, amma ba ta san iyakar bangon aji ba, kuma mai jiran abu ba ya tambayar ko misali ne. Har yanzu ina koyar da wannan darasin duk shekara, kuma ina jin na iya shi. Sai dai jimlar da nake rubutawa a allo ita ce: Kaza ta sha ruwa. Yara na ƙorafin ba ta da daɗi, amma har yau ba a samu wanda ya baro gonarsa saboda ita ba.